Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu: za ta iya zirga-zirgar kullum?

Mai_Hilux94

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu. Motar a-kori-kura ce, Toyota Hilux LN106 ƙirar 1994, injin dizal 3L mai lita 2.8, giyar hannu, da makullin ƙafar gaba irin wanda ake sauka a murɗa da hannu. Maleji na nuna kilomita 310,000, kuma babu wata takarda da ke nuna gyaran da aka yi mata a baya. Tana tashi bugu ɗaya da safe, ba ta hayaƙi sai ɗan baƙi in an taka totur da ƙarfi.

Abubuwan da na lura da su: sitiyari na da wasa, a bayan ƙafar gaba ta dama akwai wani baƙin maiƙo da ke tsattsafowa, allurar zafi takan haura rabi a cunkoso, birki kuma yana da tauri, sai an danna da gaske kafin ya kama.

So nake ta zama motar zuwa aiki, kilomita 40 zuwa da dawowa a kan kwalta, ƙarshen mako kuma ta shiga hanyar da ba kwalta da kaya. Shin hakan zai yiwu, ko in nemi ƙaramar mota? Da me zan fara? Sannan in ana ruwa, zan iya barin ta a 4H, wato giyar jan ƙafa huɗu ta gudu, a kan titi don kada ta yi santsi?

Baba_Makanike

Wa alaikumus salam. Malam, za ta iya, amma ba a yadda ka kwatanta ta yanzu ba. Mota mai shekara 30 ba tafiya ce kaɗai ke cin ta ba, shekaru ma na ci: roba ta bushe, tiyo ya yi laushi daga ciki, sil ya sandare, giris ya zama kamar busasshiyar laka. Tunda babu takarda, ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, ka fara lissafi daga yau.

Kafin ka kashe ko sisi, a ɗaga motar a wanke ƙarƙashinta tas, ka shiga da tocila da ƙaramar guduma ka bi shasi tun daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi wasai in ka ƙwanƙwasa, wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ɓawo ya zubo. Ka fi mai da hankali inda aka rataya sifirin, da kusa da tankin mai, da inda akwatin sitiyari ya ɗauru, domin nan laka ke maƙalewa ta riƙe danshi, nan kuma nauyi ke sauka. Tsatsar sama ana goge ta a shafa fenti. Amma in guduma ta huda wajen maratayar sifirin, ka dakata da duk sauran gyara har mai walda da ya san aikin shasi ya duba. Inji ana sauke shi a sa wani, shasi kuwa shi ne motar.

In shasi ya tsira, sai taimin bel. A injin 3L ana canza shi duk kilomita 100,000, wato ya kamata a ce an canza na motarka sau 3. Fitilar T-BELT da ke dashbod ba ta san halin bel ba, maleji kawai take ƙirgawa, kuma ana iya kashe ta ba tare da an taɓa komai ba. Bel ɗin ne ke juya kamshaf da famfon injekta. In ya tsinke inji na tafiya, fistin zai haɗu da bawul, kuma a dizal babu sarari tsakaninsu da zai cece ka. Kada a canza bel shi kaɗai. A haɗa da fulin da ke ɗame shi da ɗayan fulin da yake bi ta kai, da sil na kamshaf da na karanshaf, domin baƙin mai in ya taɓa sabon bel ya gama da shi. Tunda gaban inji a buɗe yake, a sa sabon watafam ma. Bayan an ɗora, a juya injin da hannu zagaye 2 cikakku a sake duba alamomin ko suna daidai, sannan a ɗaure babban notin fulin karanshaf da sifanar awo bisa abin da littafin gyaran motar ya ce. Wannan notin in ya saki, fulin zai riƙa kaɗawa har ya cinye mazaunin makullinsa, aiki ya koma na karanshaf.

Zancen zafi kuma kada ka raina shi. Tofsilindar wannan dangin injin ba ta son zafi, tana tsagewa tsakanin bawul. Yadda ka ce a cunkoso allura ke hawa ya nuna iska ce ba ta isa lagireto, don haka fanka za a fara tuhuma. Fankar tana da kuloc mai man silikon a ciki. In inji ya ɗau zafi, ka kashe shi, ka tura fankar da hannu: mai lafiya za ta yi nauyi ta tsaya nan take, wadda ta mutu za ta yi ta juyawa sakaka. Ka duba kuma ko murfin da ke kewaye da fankar yana nan, don da yawa akan cire shi a wajen gyara a manta, alhali shi ke tilasta iska ta ratsa lagireto. Da a ce a babbar hanya ko hawan tudu take zafi, da sai mu ce lagireton ne ya toshe daga ciki. Marfin lagireto mai matsin 0.9 bar ne, ka sa sabo, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 118. Tiyo na sama da na ƙasa da ƙananan na hita duk a canza. Da safe kafin inji ya yi zafi, buɗe marfin, tayar da mota, ka zuba ido a wuyan lagireto. In kumfa na tasowa a jere ba ƙaƙƙautawa, to gaskit ko tofsilinda ta riga ta taɓu.

Birki mai tauri a motar dizal yawanci ba laifin fad ba ne. Dizal ba ya samar da zuƙar iskar da busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfin taka birki, ke buƙata, shi ya sa aka ɗora masa ƙaramin famfo a bayan altaneta. Gwajin mai sauƙi ne: mota a kashe, taka birki sau 5 ko 6 har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da inji. In feda ta ɗan nutse, busta na aiki. In ba ta motsa ba, a bi tiyon daga busta zuwa famfon a nemi tsaga, sannan a gwada famfon da bustar kanta. Man birki kuma yana shan danshi daga iska. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 140, kuma a doguwar gangara da kaya birki na kai wannan zafin. A zubar da tsohon gaba ɗaya duk shekara 2. Wajen fitar da iska a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato babban famfon birki da feda ke turawa, a ƙare da bawul ɗin da ke saman aksil na baya, wanda ke rage ƙarfin birkin baya in mota ba kaya. Shi ma yana da nasa mafitar iska, kuma shi aka fi mantawa.

Injiniya_Aksil

Baba ya gama da inji da birki, bari in ɗauki ƙafafu.

Amsar tambayarka ta ƙarshe a'a ce, kada ka bar ta a 4H a kan kwalta ko da ana ruwa. Motarka ba ta da giyar da ke raba juyi tsakanin aksil na gaba da na baya. In ka sa 4H, farfelar gaba da ta baya sun zama kamar sanda ɗaya, dole su juya daidai wa daida. Amma a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisan zagaye. A yashi ko laka, taya ɗaya sai ta ɗan zame, bambancin ya tafi. A kwalta, ko jiƙaƙƙiya ce, taya na riƙe ƙasa, sai bambancin ya taru a cikin ƙarafa. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota na tirjewa a kwana, taya na kuka, sandar giyar taimako, wadda ake sa 4H da ita, ta ƙi fita. Abin da ya fi rauni a layin shi zai karye: kuros ɗin farfela, wato haɗin da ke ba ta damar lanƙwasa, ko haɗin cikin gwiwar aksil, ko haƙorin giya. In ta taɓa ɗaurewa haka, ka yi ribas a miƙe 'yan mitoci, sandar za ta saki.

Ga yadda ake amfani da shi. Kullum a kan titi 2H, wato jan ƙafafun baya kaɗai, makullan ƙafa biyu a FREE. In za ka sauka kwalta, ka tsaya ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, ba ɗaya ba. Da zarar suna LOCK kana iya shiga 4H ka fita kana tafiya a hankali a miƙe. In suna FREE kuwa kada ka ja sandar mota na tafiya, domin farfelar gaba a tsaye take, haƙora za su ci juna. 4L, wato giyar jan ƙafa huɗu mai ƙarfi ta tafiya a hankali, sai an tsaya cak an taka kuloc. Yana ninka ƙarfin juyi fiye da sau 2, don haka kada ka ja kaya mai nauyi a 4L makullai na FREE, duk ƙarfin a kan aksil na baya kaɗai zai sauka. Toyota da kanta tana ba da shawarar a yi aƙalla kilomita 16 a wata da jan ƙafa huɗu don mai ya zagaya kayan gaba. Tunda kana shiga hanyar ƙasa a ƙarshen mako, wannan ya wadatar. Wanda ba ya barin kwalta sai ya sa makullai a LOCK ya bar sanda a 2H, kayan gaba za su juya ba tare da an ɗaure su da na baya ba.

Baƙin maiƙon da ka gani shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Aksil ɗin gaba na LN106 sanda ɗaya ne, a kowane ƙarshe akwai ƙwallon ƙarfe kamar gwiwa, a cikinsa akwai haɗin da ake kira Birfield wanda ke ba taya damar juyawa tana lanƙwasa. Cikin gwiwar giris ne, cikin aksil kuma man giya ne, ƙaramin sil ɗaya ne ya raba su. In sil ɗin ya mutu, man giya ya kwararo ya narkar da giris, sai su fito ta baya a matsayin wannan baƙin kunun. Illa uku ke nan a lokaci guda: aksil na rasa mai, Birfield na rasa giris, kunun kuma na iya kaiwa ga faifan birki. Ƙila ma yana cikin dalilan da birkinka ba ya kamawa. Shafa giris daga waje ba ya magani. Ana sayar da kayan gyaran a haɗe: sil na ciki, boris biyu na sama da ƙasan gwiwa, sil na ƙafa, gaskit, da zoben roba da na ulu masu share ƙwallon. A yi ɓangarorin biyu rana ɗaya, don na hagu ma shekarunsa ɗaya da na dama.

Wajen aikin a kula da abubuwa kaɗan. Notin boris na ƙafa soket mai lamba 54 yake so, kada a bari a sassare shi da kurfi da guduma. Siraran faranta da ke ƙarƙashin murfin boris na sama da na ƙasa kada a cakuɗa su, kowanne ya koma inda ya fito, domin su ke tsayar da sandar aksil a tsakiyar sil. In sun sauya wuri, sabon sil zai sake zuba cikin 'yan watanni, a ce kayan ne ba su da kyau. Giris iri biyu ne: mai sinadarin moli, baƙi-baƙi, na Birfield da cikin gwiwa, a cika kamar kashi 3 cikin 4, sai giris na boris daban don ƙafa. Ka nemi sil na asali ko na kamfanin da aka sani, araha ba ta ado a wurin da sai an kwance rabin gaban mota kafin a kai gare shi.

Sai man giya a wurare 4: giyabos, akwatin giyar taimako, aksil na gaba da na baya. Kullum ka fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar notin sama ya ƙi kwantuwa ya tsayar da motarsa. Aksil GL-5 yake so, 80W-90, kowanne na shan lita 2 da ɗoriya, a zuba har ya fara tsiyayowa daga ramin cikawa mota na kan daidaitacciyar ƙasa. Giyabos da akwatin taimako 75W-90. Notin zubarwa na aksil yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe kamar toka ba komai, ɓarɓashi mai kaifi da za ka ji a yatsa alamar haƙori ko boris ne ke ci. In man ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. A saman kowane aksil akwai ɗan ƙaramin mashaƙi mai hula, ka murza hular da yatsa ka tabbatar tana motsi. In ya toshe, aksil ya yi zafi, matsin iska zai tura mai ta sil, kuma sau da yawa shi ne asalin zubar. Canji duk kilomita 40,000, ko nan take bayan an ratsa ruwa mai zurfi.

Farfela biyu suna da kan giris a kowane kuros da wajen da take shiga tana fita. A kuros a matsa har sabon giris ya leƙo ta kofuna huɗu. A wajen zamewar kuwa matsa 2 ko 3 ya isa, in aka cika shi tam farfela ba za ta iya shigewa ba, sai ta riƙa dukan boris na akwatin taimako.

Mai_Hilux94

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Abu biyu suka rage mini. An ba ni shawarar a cire tamostat gaba ɗaya wai mota za ta daina zafi. Sannan wasan sitiyarin, an ce akwai noti a saman akwatin da ake ɗaurewa ya ɓace. Haka ne? Har yanzu kuma ina son jin ra'ayi kan ko ta dace da zuwa aiki kullum.

Malam_Direba

Ɗan'uwa, ni zan ɗan sha bamban da Baba a kan "za ta iya". Ta fuskar juriya gaskiyarsa ne, inji ne mara kwamfuta, famfon injekta na ƙarfe, duk makaniken dizal ya san shi. Amma juriya daban, dacewa da titi daban, kuma gara ka shiga da idonka a buɗe.

Injin 3L ba shi da turbo, ƙarfinsa wajen doki 90 ne, yana jan mota mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi. A cikin gari ba za ka damu ba. A babbar hanya, gudun kilomita 100 a awa yana kai injin kusa da juyi 3,000 a minti, ƙara ta cika gida, wuce babbar mota kuma sai ka hango fili mai tsawo. Inda take jin daɗi tsakanin 80 da 90 ne. Mai kuma ka sa ran lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 in komai lafiya, wato tafiyarka ta kwana 5 za ta sha lita 20 zuwa 24 kafin a zo ƙarshen mako. Sifirin ɗin ganye ne gaba da baya, an yi shi don kaya, in bayanta ba komai duk ramin da ta taka sai ƙugunka ya sani. Kwana ma faɗi take ci, wajen fakin a matsattsen wuri sai an yi gaba an yi baya.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana ƙafafu kullewa in an taka birki, ba ta da jakar iska, bodinta ba a gina shi ya lanƙwashe ya shanye karo kamar motocin yanzu ba. Tana da tsayi, don haka kaucewar gaggawa a guje na iya kifar da ita inda ƙaramar mota za ta zame kawai. Bayanta ba nauyi, a jiƙaƙƙen titi ƙafafun baya ke fara kullewa ko su zame a kwana. Maganin wannan ba 4H ba ne, jan ƙafa huɗu na taimaka wa tashi ne, ba ya rage nisan tsayawa ko taku ɗaya. Maganin shi ne taya mai kyau, tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, sassauta gudu kafin kwana ba a cikinta ba, da ɗan nauyi a ɗaure sosai daidai saman aksil na baya. Bel ɗin kujera ma ka ja shi da ƙarfi ka ga ko yana kullewa, ka duba ko zarensa ya fara tsinkewa.

Taya ita ce inda masu irin wannan mota suka fi yin kuskure. A gefen kowace akwai lambobi 4 a ƙarshen layin DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta haura shekara 6 a riƙa duba ta da kyau, wadda ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan, har da safaya. Duka huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusa da juna, in ba haka ba ko a hanyar ƙasa 4H zai riƙa ɗaurewa. Tayar laka mai manyan haƙora tana da kyan gani, amma a kwalta tana kuka, tana ƙara shan mai, kuma riƙonta a ruwa bai kai na AT ba, wato tayar da aka yi don kwalta da hanyar ƙasa duka. Ga aikinka AT ce daidai. Kada kuma ka ƙara girma. In tayar asali 205R16 ce, tsayinta wajen inci 29 ne, komawa inci 31 ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 ne: maleji zai nuna ƙasa da gudun da kake yi, giya ta biyar ta rasa ƙarfi a ɗan tudu, birkin da dama bai wadata ba ya ƙara wahala.

A ganina, in kayan ƙarshen makon nan dole ne kuma mota ɗaya za ka iya riƙewa, riƙe ta, kilomita 20 a tafiya ɗaya ya isa inji ya ɗau zafi sosai, wanda dizal ke so. In kuwa yara za ka riƙa ɗauka kullum a babbar hanya mai gudu, ƙaramar mota ta zamani ta fi ta, ita kuma a bar ta wa aikin da aka ƙera ta dominsa.

Baba_Makanike

Maganar Malam Direba a kan tsaro gaskiya ce, ban musa ko ɗaya ba.

Tamostat kada a cire. Ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale a rufe, kuma gane hakan ba wuya: a ciro shi a jefa cikin ruwa a kan wuta, zai fara buɗewa a zafin da aka buga a jikinsa, digiri 82 ko 88. In bai buɗe ba a sa sabo. In aka bar inji babu shi, zai daɗe bai ɗau zafi ba, dizal ba ya ƙonewa sosai, baƙin mai ya cika da toka, ringi da silinda su ci juna, ainihin laifin kuma, fanka ko lagireto, yana nan bai tafi ba. Ruwan ma kada ya zama zalla. Bulok da tofsilindar 3L ƙarfen zubi ne, ruwa zalla tsatsa yake sa su, tsatsar ce ke toshe lagireto ta cinye fukafukan watafam. A haɗa ruwan sanyaya inji da tataccen ruwa rabi da rabi, a canza duk shekara 2.

Notin saman akwatin sitiyari shi ne na ƙarshe da za a taɓa, ba na farko ba. Fara da awo: mota a tsaye, ƙafafu a miƙe, ka kaɗa sitiyari a hankali ka ga nisan da bakinsa ke yi kafin taya ta motsa. Har milimita 30 babu laifi. In ya wuce, wani ya zauna yana kaɗawa hagu da dama, kai kuma ka kwanta a ƙasa ka ɗora hannu a kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya: kawunan tayrod, sandar da ta taso daga akwatin, da notoci 4 da suka ɗaure hannun sitiyari a jikin gwiwa. Waɗannan huɗun suna saki, kuma in suka karye sitiyari ya rabu da ƙafa ke nan, don haka duk juye a sa musu sifana. Sannan a ɗaga ƙafar a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In wasan ya ɓace da an taka birki, boris na ƙafa ne, in bai ɓace ba, boris na gwiwa ne, wanda dama za a canza a aikin da Injiniya ya faɗa. Bushin na sifirin da notocin da suka ɗaure sifirin da aksil su ma suna sa mota yawo a hanya. Sai duk wannan ya kammala, in har da saura, a sassauta notin makulli a juya sukurun kwata ɗaya, a gwada. Akwatin a tsakiya ya fi cinyewa, in ka ɗaure har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, zai riƙa maƙalewa a gefe, sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan kwana.

Juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, da 15W-40 na dizal da sabuwar filta kowane karo. Irin wannan injin yana baƙanta mai da wuri, baƙin kala ba shi ne ma'auni ba, maleji ne. A sa a auna tazarar bawul inji na sanyi, na shiga 0.20 zuwa 0.30, na fita 0.40 zuwa 0.50 na milimita. Da ƙananan faranta ake daidaita su ba da sukuru ba, shi ya sa ake yawan tsallake aikin, bawul ɗin da ya matse kuma ƙonewa yake yi.

Wuta ba ta da yawa a motar, laifinta kusan kullum datti ne. A kwance kan batir da wayar da ta tafi bodi da wadda ta tafi inji, a goge har ƙarfe ya yi haske. Ranar da ka murɗa makulli ka ji ƙas ɗaya inji bai juya ba alhali batir na da caji, kada a ce ka sayi sabuwar sitata. A cikinta akwai 'yan tagulla biyu da faifan da ke haɗa su, su ne ke cinyewa, ana canza su kaɗai.

Filtar dizal a canza ta yanzu, daga nan duk kilomita 20,000. A ƙasanta akwai wurin da ruwa ke taruwa, da fitila a dashbod da ke kamawa in ya cika. In ta kama ka tsaya, ka sassauta mazubin ƙasa, ka danna famfon hannu da ke saman filtar har dizal zalla ya fito, ka ɗaure. Famfon injekta da dizal ɗin da ke ratsa shi yake samun maiƙo, ruwa kaɗan ya isa ya ci shi. Bayan canjin filta ka danna famfon hannun har ya yi tauri kafin ka murɗa makulli. In ya ƙi yin tauri, ko mota ta kwana ta tashi ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, iska na shiga ta wani wuri, yawanci ta robar famfon hannun ko ta tsohon tiyo mai tsaga a bakin kilif.